Littafin Tuntuɓe

Shekara ashirin da uku ina ƙarƙashin ƙasa,
a ɗakin da injuna ke huci dare da rana,
can gindin jami'a, a Valparaíso,
inda gidaje ke rataye jikin tudu kamar shanya,
teku na lasar ƙafar gari.
Sunana Eleuterio. A sama ba wanda ya sani.
Su dai sun san ɗari huɗu da tara,
lambar da ake bugawa in firinta ta ci takarda,
in farfesa ya mance kalmar sirrinsa
ya rantse mu muka ɗauke.

Zamanin tsohon shugaba akwai farin allo bakin ƙofa.
Ka yi kuskure, sunanka ya kwana a kai da jar tawada.
Sai muka ƙware a ɓoyo.
Kowa na binne ɓarnarsa kamar kyanwa,
kowa na cin burodinsa shi kaɗai, hanci a jikin kwamfuta.
An ce laifi tudu ne.
To mu garinmu duk tudu.

Fresia ta zo a Yuni, da sanyi, da laimarta mai karyayyen haƙarƙari.
Ta karanta allon tun daga sama har ƙasa,
ta nemi tsumma.
Tawadar ta riga ta kama. Har yau in rana ta karkato ta taga
ina hango inuwar sunana.

Ban yarda da ita ba. Na ga sababbin tsintsiyoyi da yawa.

Sai daren wata Alhamis, ƙarfe biyu,
Nahuel, wata huɗu da fara aiki,
ya danna abin da ba a dannawa.
Makin ɗalibai ɗari bakwai, masu koyon jinya,
ya bi iska.
Na tarar da shi zaune a ƙasa, leɓe ya bushe, yana lissafin kuɗin haya.

Ta iso da rigar ruwa a kan kayan barci,
da fulas, da burodi da fiya a leda.
Ta ce, yaro, yaushe rabonka da barci?
Sannan ta juyo gare mu duka:
wace ƙofa muka bari a buɗe
har gajiyayyen hannu ya wuce?

Shiru. Injuna na huci.
Ni na san ƙofar.
Sati uku rumbun ajiya na ɗingishi, na gani, na haɗiye,
don tsoron allon da babu shi.
Na buɗe baki. Muryata ta fito da tsatsa.
Ta ce, madalla, yanzu mun san inda za mu tona.
Ta miƙo mini shayi.

Maite ce ta tuna da wani tsohon faifai a durowarta.
Kafin asuba mun ceto duka sai aji ɗaya.
Wannan ajin, Fresia ta hau bene da ƙafarta
ta ce wa shugaban tsangaya: mu ne.
Ya nemi suna. Ta maimaita: mu.

Yanzu muna da littafi mai baƙin bango.
Duk Juma'a da yamma a ɗora buta,
kowa ya karanta tuntuɓensa na mako,
a yi dariya in ta dariya ce, a gyara dutsen.
Albashi bai motsa ba. Silin na yoyo kan teburina.
Ildefonso ya ce wannan wasan yara ne,
ya koma banki a Santiago. Wataƙila da gaskiyarsa, ban sani ba.

Amma jiya ƙasa ta ɗan girgiza, kamar yadda ta saba,
kofuna suka yi ƙara,
na tsinci kaina ina ƙirga kawuna a ƙarƙashin tebur:
Maite, Nahuel, Fresia, sabuwar yarinyar nan mai tabarau,
kafin ma in tuna da injuna.